Ku Tambayi Malam: Tauraron da Maganaɗisunsa Ke Haɗiye Haskensa

Wasiƙu uku ne suka faɗo kan abu guda a wannan watan, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambaya kan husufin wata su ƙara haƙuri, tasu na nan a aljihun tebur, ban manta ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Funtuwa. Wani ɗalibina ya karanto labarin taurarin da ake kira fulsa, waɗanda aka ce maganaɗisunsu ya wuce misali, kuma suna fitar da hasken gamma. Sai ya tare ni a gaban aji ya ce: in dai maganaɗisun ne ke jawo hasken, ai kamata ya yi hasken ya fito daga jikin tauraron, inda maganaɗisu ya fi ƙarfi. To don me aka ce daga can nesa yake fitowa? Na ce masa zan bincika. Malam, a fitar da ni kunya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe yaron nan hannu biyu. Abin da ya tambaye ka shi ne manyan masana suka shafe fiye da shekara talatin suna ja-in-ja a kai, kuma da yawansu a gefen yaron suka tsaya, har sai da aka harba na'ura sama a 2008 ta raba gardama.

Bari mu fara da shi kansa tauraron, saboda masu karatun da ba su taɓa jin sunansa ba. Idan babban tauraro, wanda ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye, ya ƙone makamashinsa ƙurmus, sai cikinsa ya rufta, bayansa kuma ya tarwatse. Abin da ke saura a tsakiya wani dunƙule ne da faɗinsa ya kai kimanin kilomita 20, tafiyar da ɗan acaɓa zai yi cikin rabin awa, amma nauyinsa ya fi na rana. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa zai kai tan biliyan. Da yake ya tsuke haka, sai juyinsa ya ƙaru, kamar yadda za ka hau kujerar ofis mai juyawa ka buɗe hannuwa a tura ka, da zarar ka naɗe su a ƙirji ka ji gudun ya ƙaru. Maganaɗisunsa ma haka, ya matse wuri ɗaya. Na duniyarmu, wanda ke juya allurar kamfas ɗin duba alƙibla, kimanin rabin gawus ne a ma'aunin masana. Na irin wannan tauraro yakan kai gawus tiriliyan ɗaya ko fiye.

Wata ɗaliba a jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, ita ta fara cin karo da shi a 1967, a matsayin wani ɗan bugu a zangon rediyo da ke dawowa kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi ba ya kuskure. Tauraron ba ƙiftawa yake yi ba. Juyawa yake da haske a goshi, irin fitilar saman motar asibiti, mu kuma sai ta haska wajenmu muke gani. Lambar Nobel ta 1974 malaminta Antony Hewish aka ba, ita ba a sa ta ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Amma wannan zancen wata rana ne.

Shi kuwa hasken gamma haske ne kamar wanda ido ke gani, sai dai kowace ƙwayarsa ɗauke take da ƙarfi mai yawa. Wanda ke fitowa daga fulsa ya ninka hasken da muke gani ƙarfi sau kusan biliyan. Masana na auna ƙarfin ƙwayarsa da wani ma'auni da suke kira GeV, zan riƙa amfani da shi nan gaba.

To yanzu ga maganaɗisu. Malam, na san ka taɓa yin gwajin nan a aji. Ni a zamanin da nake koyarwa, maganaɗisun tsohuwar lasifika nake cirowa, in aiki yaro wajen mai walda ya sharo mini garin ƙarfe a leda, in barbaɗa a kan kwali, in ɗan ƙwanƙwasa. Sai ka ga garin ya jera kansa layi-layi, yana fita daga kai ɗaya ya lanƙwaso ya shiga ɗaya kan. Waɗannan layukan su ne dukan labarin. Ɗalibinka ƙarfinsu ya duba, amma siffarsu ita ce ke yanke hukunci.

Maganaɗisu mai juyawa janareto ne, irin dainamon da ake jinginawa a tayar keke ya kunna fitila. Peter Goldreich da William Julian sun nuna a 1969 cewa lantarkin da fulsa ke haifarwa ya isa ya fizgo ƙwayoyin ilektaron daga jikin tauraron ya cika kewayensa da su. Ƙwayoyin nan ba su da ikon tsallake layin maganaɗisu. Bin sa suke yi kamar 'ya'yan carbi a kan zare, da gudun da ya kusa kamo na haske. Kuma tunda zaren a lanƙwashe yake, duk ƙwayar da ta sha kwana da wannan gudu sai ta watsar da haske gabanta, kamar yadda taɓo ke fallatsa daga tayar babur. Nan ne hasken gamma ke samuwa. Ka ga ke nan inda layi ya fuskanta, can hasken zai nufa.

Akwai kuma wata iyaka da ba ta cikin gwajin kwalinmu, domin namu maganaɗisun a zaune yake. Ka tuna 'yan makaranta a filin fareti idan sahu zai sha kwana: na ciki yana taka ƙafa a wuri ɗaya, na can bakin sahu kuwa sai ya haɗa da sassarfa. Layukan maganaɗisu da ƙwayoyin da ke kansu tare suke juyawa da tauraron, mafi nisa shi ne mafi gudu. A wani nisa, kafin layi ya iya bin juyin sai ya wuce gudun haske, abin da ba ya yiwuwa. Wannan wurin ni ina ce masa katangar haske. Ga wata fulsa da ake kira Bela, wadda ke juyawa sau 11 a daƙiƙa, katangar na nesa da ita da kilomita 4,300 ko kusa da haka. Ga wata kuma da ake kira Ƙaguwa, mai juyi 30 a daƙiƙa, kimanin kilomita 1,600 ne. Layukan da suka lanƙwaso suka koma gida kafin katangar rufaffu ne, ƙwayoyin cikinsu a tsare suke. Waɗanda suka kai katangar kuwa ba sa iya komowa, sai su ɓalle su miƙe waje, juyi ya riƙa karkatar da su baya. Buɗaɗɗun nan duk daga wani ɗan fili suke tsirowa a kan kowane goshin maganaɗisun, wato kowane ɗaya daga kawunansa biyu, filin da a Bela faɗinsa bai fi kilomita ɗaya ba.

Daga 1971, Peter Sturrock da waɗanda suka biyo bayansa sun ce a wannan ɗan filin, dab da jikin tauraro, ake toya hasken gamma. Maganar ɗalibinka ke nan sak. A 1986 sai Cheng da Ho da Ruderman suka ce a'a, can sama ne, a wani giɓi da ke gefen rufaffun layuka na ƙarshe, kusa da katangar haske. Wasu suka kawo ra'ayi na tsaka-tsaki, wani siririn lungu da ke tasowa daga jikin tauraro ya bi gefen buɗaɗɗun layuka har sama. Gardama ta ƙi ƙarewa don shaidu sun yi kaɗan. Na'urar da ke kan tauraron ɗan'adam na Compton, wanda ya yi aiki daga 1991 zuwa 2000, fulsa masu gamma da ta tabbatar ba su kai goma ba.

Ga abin da za ka kai wa yaron. Maganaɗisu in ya kai gawus tiriliyan, ba ya barin hasken gamma mai ƙarfi ya ratsa shi. Da zarar ƙwayar hasken ta gitta layukan, sai ta rikiɗe ta zama ƙwayoyin abu guda biyu, ilektaron da kishiyarta fositaron. Haske ya koma abu, kamar yadda lissafin Einstein ya ce zai iya. Wato wurin da ya fi ƙarfin haifar da hasken shi ne kuma ke haɗiye shi, kamar kyanwar da ke cinye 'ya'yanta. Saboda haka in da a jikin tauraro ake yin hasken, da mun ga ƙarfinsa ya hau ya hau, ya kai 'yan GeV kaɗan, sannan ya yanke ƙat kamar an sa wuƙa, domin duk abin da ya wuce nan ba zai tsira ba. In kuwa daga nesa yake, zai riƙa raguwa ne sannu a hankali.

Kuma nisa na rage maganaɗisu da sauri ƙwarai. Ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Ka sa ɗalibanka su yi wannan lissafi a allo: Bela tana da gawus wajen tiriliyan uku a jikinta, rabin faɗinta kilomita 10, katangarta kilomita 4,300. Za su samu wajen gawus dubu 40 a katangar. Na'urar MRI ta asibiti tana da dubu 15 zuwa dubu 30. Abin da ya fara a tiriliyan ya dawo sa'an na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. A can hasken gamma zai wuce abinsa salin alin.

Ranar 11 ga Yuni 2008 hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar Fermi, wadda aka tsara ta riƙa leƙa sararin sama kaf kowace awa uku. Da ta auna Bela, sai aka ga hasken yana dusashewa a hankali daga wajen GeV uku, babu yankan wuƙa. A wannan shekarar dai, madubin MAGIC da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sifen ya kama bugun Ƙaguwa a sama da GeV 25, a 2011 kuma na VERITAS da ke Arizona ya kama shi a sama da GeV 100. Haske mai wannan ƙarfi ba yadda za a yi ya fito daga jikin tauraron da rai. Nan ra'ayin farko ya faɗi.

Akwai shaida ta biyu, kuma ita ta fi burge ni. Bela sau ɗaya take bugawa a rediyo a kowane juyi, amma a gamma sau biyu, tsakaninsu ɗan ƙasa da rabin juyi, kuma babu wanda ya zo daidai da na rediyon. Na farkon ma yakan makara ne a bayansa. Da daga rami ɗaya suke fitowa da tare za su iso. Me ya sa biyu, kuma masu tsini? Ka ajiye kofin shayi a rana ka leƙa ciki, za ka ga wani lanƙwasasshen layin haske mai ƙyalli a kan shayin. Babu fitila a wurin, lanƙwasar bangon kofin ce ta tara hasken wuri ɗaya. Haka yake a fulsa. Ƙwayoyin haske na tashi daga wurare dabam-dabam a tsawon layi, wata kusa wata nesa, juyin tauraro na karkatar da su gaba, lanƙwasar layi na mai da su baya, tsawon hanyarsu ma ba ɗaya ba. A gefe ɗaya na maganaɗisun waɗannan bambance-bambance sai su cinye juna, hasken ya iso mana a lokaci guda, kamar motocin hatsi da suka taso daga garuruwa dabam a lokuta dabam amma suka yi cunkoso a ƙofar kasuwa lokaci ɗaya. Cunkoson nan shi muke gani a matsayin bugu mai tsini. Tazarar da ke tsakanin bugun biyu kuwa ta dogara ne ga yadda maganaɗisun ya karkace daga sandar juyin tauraron, da kuma ta gefen da muke kallo. Shi ya sa masana ke karanta siffar maganaɗisun da ba su taɓa gani ba daga siffar bugun kawai.

Inda aka kwana yanzu ma ya wuce giɓin 1986. Tun daga 2006, lokacin da Anatoly Spitkovsky ya sa kwamfuta ta zana cikakkiyar siffar maganaɗisun fulsa mai karkata wanda ke cike da ƙwayoyi, hankali ya koma bayan katangar haske. A can, layukan da suka fito daga goshin arewa suna fuskantar waje, na kudu suna fuskantar ciki, sai su yi gaba da gaba a tsakiya. Tsakaninsu wani siririn faifan lantarki ne, wanda ke kaɗawa sama da ƙasa kamar bakin malafar da aka ɗora a karkace kan yatsa ana juya ta. A cikin faifan layuka masu gaba da juna na tsinkewa su sake ƙulluwa, ƙarfin da ke cikinsu ya zube kan ƙwayoyi. Irin wannan tsinkewa ce ke haddasa aman wuta a fuskar rana. Lissafin kwamfuta da Benoît Cerutti da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna mafi yawan haske mai ƙarfi daga wannan faifai yake tashi, kuma da yake bakin malafar kan gitta idon mai kallo sau biyu a kowane juyi, ga bugu biyu nan ba tare da wahala ba. In ka tambaye ni, nan na fi karkata, saboda bayani ne da bai buƙaci a yi masa ƙari da yawa ba. Sai dai Bela ta sake jefo wata a 2023: madubin H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya ya kama bugunta da ƙarfin da ya kai GeV dubu 20, kuma masu kowane ra'ayi sai da suka koma kan allo.

Ka gaya wa yaron ya yi tunani daidai, abu ɗaya kawai ya rage masa, shi ne haɗiyar nan. Ka kuma ba shi lissafin gawus ɗin ya yi da hannunsa.

Tambaya: Baba Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a Maraɗi. A zanen da ke littafinmu, fulsa kamar sandar maganaɗisu ce mai kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, haske na fita ta kowane kai. Haka abin yake da gaske? Kuma kowace fulsa ana jin ta a rediyo?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Zanen littafinku bai yi ƙarya ba, amma ya sauƙaƙa abin ƙwarai. Daga nesa kowane maganaɗisu kama da mai kai biyu yake, domin ƙananan murɗe-murɗensa sun fi saurin dusashewa da nisa. A kusa ne asiri ke tonuwa. Akwai wata na'ura mai suna NICER da aka ɗaura a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017. Ta auna wata fulsa mai lamba J0030+0451, wadda ke juyawa sau 205 a daƙiƙa, don a gano wuraren da suka fi zafi a jikinta, wato inda ƙwayoyi ke komowa su doki ƙasa a gindin buɗaɗɗun layuka. Bisa zanen littafinku, ɗaya zai kasance nan, ɗaya can a ɗaya gefen daidai. Da sakamako ya fito a Disamba 2019, ƙungiyoyi biyu da suka yi lissafin kowa da nasa sun samu duk wuraren zafin a rabi ɗaya na tauraron, wani ma doguwar siffa gare shi kamar jinjirin wata. Kada ki yaga littafin, amma ki rubuta wannan a gefen shafin da fensir.

Ta biyun kuma, a'a. Hasken rediyo siriri ne kamar na tocila, daga kusa da goshin maganaɗisu yake fita, in bai haska wajenmu ba shi ke nan. Na gamma kuwa da yake daga can waje yake tashi, faffaɗa ne, yana share babban yanki na sama. Don haka akwai fulsa da yawa da gammarsu ke iso mana rediyonsu na wuce mu. Shahararriyarsu ita ce Geminga. Tun shekarun 1970 ake ganin wani abu na zuba hasken gamma a wani wuri, masu rediyo su duba su tarar da wayam. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Bignami, ya raɗa masa wannan suna, wanda a bakin mutanen Milan yake nufin "babu shi". Sai a 1992 aka kama bugunsa, wajen sau huɗu a daƙiƙa. Kundin Fermi na 2023 ya lissafa fulsa 294 masu gamma, kuma a cikin matasansu kusan rabi shiru suke a rediyo. Wannan yawan ma kansa hujja ce ga abin da na faɗa wa malamin Funtuwa a sama.

Tambaya: Malam, an turo mana bidiyo a WhatsApp, ana jin wani tauraro na ƙwanƙwasawa kamar ƙofa, aka ce shi ne wanda aka ambata a Suratuɗ Ɗariƙ. Da gaske sautinsa ne? Kuma hasken nan nasa ba zai cutar da mu ba? Daga wata uwar gida a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, fassarar aya aikin malaman tafsiri ne, su za ki tambaya, ni ba zan sa baki a gonar da ba tawa ba. Abin da na sani shi ne sautin. Babu iska tsakaninmu da taurari, sauti kuwa ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi. Abin da kika ji bugun rediyo ne na gaske da aka kama da babban faranti, aka saka a lasifika ya zama ƙara. Mai juyi a hankali sai ki ji ƙwas, ƙwas. Bela kamar injin markaɗe take, masu juyi ɗaruruwa a daƙiƙa kuwa kukan sauro ne zalla.

Batun cutarwa, ki kwantar da hankalinki. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare hasken gamma tun daga sama, shi ya sa ma sai an harba na'ura take ganinsa, ko a kafa madubi a wuri mai duhu kamar Namibiya a jira ɗan shuɗin walƙiyar da yake yi idan ya doki iska. Ga shi kuma ɗan kaɗan ne. Bela, wadda ta fi kowane abu mai ɗorewa haske a sama a idon Fermi, tana nesa da mu tafiyar haske ta kusan shekara dubu, kuma ƙwayar gamma ɗaya tak take aiko wa na'urar a cikin kamar minti biyu, bayan ta yi juyi fiye da dubu. Sai an tara na watanni, an jera kowace ƙwaya daidai lokacin juyin da ta iso, sannan bugun nan biyu ke bayyana.

In kina son sanin inda suke, ko da yake ido ba ya ganinsu: Ƙaguwa na can gabas da Kaza da 'Ya'yanta, a inda masu duban taurari na ƙasar Sin suka ga sabon tauraro ya bayyana a 1054, har da rana ana ganinsa na wasu makonni. Bela kuma tana kudu, a Zariya takan hau kamar sulusin hanya daga ƙasa zuwa tsakiyar sama, bayan sallar isha'i a watan Maris.